Libra Ko Foucault's Pendulum: Wanne Ya Dace A Fara Karantawa Kan Maƙarƙashiya Da Ciwon Zargi?

A shekarar 1988 aka buga wasu littattafai biyu na ƙagaggen labari, ɗaya a Amurka, ɗaya a Italiya, waɗanda har gobe suna cikin na farko da masana adabi ke ambata idan ana batun yadda marubuta suka tunkari zancen maƙarƙashiya da kuma zargin da kan kama al'umma gaba ɗayanta har ya zame mata jiki. Na farkon shi ne Libra na Don DeLillo, wanda ya bi sawun Lee Harvey Oswald tun yana yaro har zuwa ranar da aka harbe Shugaba John F. Kennedy a birnin Dallas. Na biyun shi ne Foucault's Pendulum na Umberto Eco, labarin wasu editoci uku a birnin Milan da suka zauna suka ƙirƙiri wani gagarumin makirci na duniya don ɗebe kewa, daga bisani abin ya juyo kansu. Kowannensu littafi ne mai kauri da ke neman natsuwa, kuma mai aiki da iyali da wuya ya haɗa su biyun a lokaci guda, ga kuma tsadar littattafan waje. Saboda haka abin da nake son warwarewa shi ne wanne ya kamata mutum ya fara kashe wa kuɗinsa da dararensa, kuma don me. Sai dai in faɗa tun da wuri cewa kwatancin ba zai yiwu ba sai an tona wasu abubuwa na ƙarshen labaran biyu.

Ta fuskar salo, littattafan 'yan gida ɗaya ne. Marubucin labarin tarihi na da can yakan ɗauki abin da malaman tarihi suka tabbatar ya mai da shi tabarma, ya zaunar da jarumansa a kai, bai damu da abin da ke ƙarƙashinta ba. Marubutan da suka taso bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ake kira na bayan-zamananci, sai suka ɗaga tabarmar suna tambaya: wa ya rubuta tarihin, daga waɗanne takardu, wa ya adana takardun, kuma me aka ƙone kafin a adana sauran? Shi ya sa a littattafansu za ka tarar da mai binciken tarihin da kansa ya shigo cikin labarin, yana kokawa da takardun da suka fi ƙarfinsa. Wata masaniyar adabi 'yar Kanada, Linda Hutcheon, ta yi wa wannan salo cikakken bayani a wani littafinta da ya fito a wannan shekara ta 1988. Da zarar kuwa marubuci ya fara tambayar wanda ya tsara labarin abin da ya faru, to saura ƙiris ya tambayi wanda ya tsara faruwar abin kansa, kuma ta wannan ƙofa zancen makirci ke shigowa. Thomas Pynchon ya riga su buɗe hanyar tun a shekarun 1960 da 1970, amma rubutunsa ya fi wuyar shiga ga mai farawa, don haka ban sa shi cikin wannan zaɓi ba.

Kafin a shiga cikin littattafan, ya kamata a san ƙasar da kowanne ya tsiro, domin ruwa ba ya tsami banza. An harbe Kennedy ranar 22 ga Nuwamba 1963, bayan kwana biyu kuma Jack Ruby, wani mai gidan rawa, ya bindige Oswald a cikin ginin 'yan sandan Dallas, jama'a na kallo kai tsaye a talabijin. A 1964 Kwamitin Warren, wanda gwamnati ta kafa don binciken kisan, ya ce Oswald shi kaɗai ya yi aikin, ya fitar da rahoto mai shafi 888 tare da mujalladi 26 na shaidu da takardu. Bayan haka sai abin kunyar Watergate ya ci kujerar Shugaba Nixon a 1974, sannan a 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya bankaɗo cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ta ƙulla shirye-shiryen kashe Fidel Castro na Kyuba da Patrice Lumumba na Kongo. A 1979 wani kwamitin majalisar wakilai ya ce mai yiwuwa akwai haɗin baki a kisan Kennedy, yana dogaro da wani faifan sauti wanda daga baya masana kimiyya suka rushe hujjarsa. Ba'amurken da ya kai 1988 yana zargin gwamnatinsa, gwamnatin ce da kanta ta koya masa zargin.

Italiya ma ta sha nata. An tayar da bam a dandalin Fontana na Milan ranar 12 ga Disamba 1969, mutum 17 suka mutu, aka shafe shekaru ana jan shari'a. A 1978 aka sace tsohon Firaminista Aldo Moro aka kashe shi, a ranar 2 ga Agusta 1980 kuma bam ya hallaka mutum 85 a tashar jirgin ƙasa ta Bologna, birnin da Eco ke koyarwa a jami'arsa. A Maris 1981 masu bincike suka gano jerin sunaye 962 na 'yan wata ƙungiyar asiri mai suna P2 a ƙarƙashin Licio Gelli, ciki har da ministoci da janar-janar da shugabannin hukumomin leƙen asiri, lamarin da ya kayar da gwamnati. Italiyawa har kalma suka ƙirƙira, dietrologia, wato ilimin neman abin da ke bayan abu, ga mutumin da komai ya gani sai ya ce da walakin goro a miya.

DeLillo ya tsara Libra da igiyoyi biyu da ke murɗuwa har su haɗu a Dallas. Babobi na igiyar farko suna ɗauke da sunayen wurare, suna bin Oswald daga unguwar Bronx ta New York, inda yake yaro mai gudun makaranta yana yawo a jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa New Orleans, zuwa aikin sojan ruwa a sansanin Atsugi na Japan inda jiragen leƙen asiri na U-2 ke tashi, zuwa Tarayyar Sobiyet da ya gudu a 1959 ya yi aiki a masana'antar rediyo a Minsk ya auri Marina, har dawowarsa gida a 1962. DeLillo, wanda aka haifa a 1936, shi ma a Bronx ya girma, 'yan layuka kaɗan daga inda Oswald ya taɓa zama, kuma ana jin wannan kusancin a rubutun. Oswald ɗinsa maraya ne da mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, haruffa na rikice masa idan yana karatu, amma ya ƙudura a ransa cewa shi mutumin tarihi ne, har littafin da yake rubuta abubuwan yau da kullum ya sa masa suna kundin tarihi. An haife shi ranar 18 ga Oktoba 1939, a burujin Mizani, wanda Turawa ke kira Libra, daga nan sunan littafin ya fito: ma'auni ne da ƙaramin nauyi ke iya rinjayar da shi ko ta wane ɓangare. Marubucin bai wanke shi ba, domin ya nuna shi yana dukan matarsa, yana ƙarya ko da babu dalili, ya kuma nuna harbin da ya kai wa Janar Edwin Walker a Afrilu 1963. Duk da haka mai karatu zai zauna cikin kansa tsawon ɗaruruwan shafuka, ya fito yana jin nauyin kaɗaicinsa.

Igiya ta biyu babobinta kwanan wata ne, kuma nan ne ƙagen yake. Wasu tsofaffin jami'an CIA da ransu ya ɓaci kan yadda harin Bay of Pigs, wanda CIA ta shirya don kifar da Castro a Afrilu 1961, ya wargaje, suka shirya a kai wa Kennedy harin da za a kuskure shi da gangan, a bar sawun da zai kai ga Castro, don Amurka ta fusata ta mamaye Kyuba. Jagoransu, Win Everett, yana zaune a ɗakin ƙasa na gidansa da almakashi da gam yana haɗa wani ɗan bindiga na takarda, mai sunayen bogi da adireshi da tarihin bogi, wanda za a ɗora wa laifin. Abin da ya girgiza shi shi ne gano cewa akwai wani mutum mai rai da ya riga ya yi wa kansa duk wannan, domin Oswald na gaske ya yi odar bindigarsa ta gidan waya da sunan bogi na A. Hidell. Daga nan shirin ya kuɓuce daga hannun masu shi. Wani daga cikinsu ya sauya manufa daga kuskure zuwa kisa ba tare da sanin saura ba, kowa ya riƙa ɓoye wa kowa wani abu, tsautsayi da haɗuwar da ba a shirya ba suka cike giɓin da dabara ta bari. A ganina wannan ne babban abin da littafin ke koyarwa: ko da makirci ya tabbata, ba ya kama da wanda ake ba da labarinsa a majalisa, mai tsari kamar agogo, domin mutane ne ke yin sa, masu mantuwa da son zuciya da ciwon kai.

Sai kuma Nicholas Branch, tsohon ma'aikacin CIA da hukumar ta ɗauka ya rubuta mata tarihin kisan na sirri. Ya shafe shekara 15 a ɗaki guda, ana ta aiko masa da takardu da hotuna da sakamakon gwajin harsasai, har da taswirar haƙoran mahaifiyar Jack Ruby, wadda da gaske tana cikin takardun Kwamitin Warren, amma bai iya kammala rubutun ba. Hujja ba ta yi masa ƙaranci ba, yawanta ne ya binne shi. Duk wanda ya taɓa kwana yana bin bidiyo bayan bidiyo a kan wani al'amari, ya wayi gari ya fi jiya ruɗewa, zai gane Branch tun daga shafinsa na farko.

Littafin Eco kuwa ta wata kusurwa ya ɓullo. Eco, wanda ya rayu daga 1932 zuwa 2016, malamin ilimin alamomi da ma'anoninsu ne kuma masanin tarihin Turai na tsakiyar zamani, saboda haka abin da ya dame shi shi ne yadda ake fassara rubutu har a fitar da abin da babu shi a ciki. Mai ba da labarin, Casaubon, ya yi digirinsa a kan ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Templar, wadda ta kafu a Ƙudus zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya, Sarkin Faransa Philip na Huɗu ya sa aka kame 'ya'yanta ranar 13 ga Oktoba 1307, aka ƙone shugabanta na ƙarshe, Jacques de Molay, a 1314. Casaubon da abokansa Belbo da Diotallevi suna aiki a wani kamfanin buga littattafai wanda ke da reshe na biyu da ke karɓar kuɗin marubuci ya buga masa ko da shirme ne. Ta wannan reshe rubuce-rubucen masu bin asirai da tsafe-tsafe suka riƙa kwarara kan teburinsu, kuma tun kafin nan wani Kanar Ardenti ya taɓa kawo musu kwafin wata tsohuwar takarda daga garin Provins, yana cewa saƙon sirri ne na 'yan Templar.

Don raha da kuma jin cewa sun fi waɗannan marubuta basira, sai abokan uku suka ce bari su nuna yadda ake yin abin da kyau. Suka riƙa zuba guntayen bayanai cikin kwamfutar Belbo, wadda ya raɗa wa suna Abulafia, tana cakuɗa su, su kuma suna ɗinke abin da ta fitar. Ƙa'idarsu ita ce komai na iya haɗuwa da komai muddin an sami ɗan kamanni. Shirin da suka gina ya ce 'yan Templar sun kasu gida shida, suna miƙa wa juna guntun sirri duk bayan shekara 120, amma haɗuwar 1584 ta ci tura saboda Faransa ta karɓi sabuwar kalandar Fafaroma Gregory ta 1582 alhali Ingila ba ta karɓa ba, aka sami saɓanin kwana goma. Tun daga nan, in ji Shirin, duk ƙungiyoyin asiri na Turai da yaƙe-yaƙensu neman wannan guntun da ya ɓace suke yi, wato wata taswira da idan aka shimfiɗa ta ƙarƙashin ƙwallon ƙarfen nan mai lilo, irin wanda Léon Foucault ya rataya a Paris a 1851 don nuna cewa duniya na juyawa, za ta nuna cibiyar ƙarfin da ke ƙarƙashin ƙasa. A dubi yadda aka ɗauki abu na gaskiya, wato saɓanin kalanda, aka jingina masa ƙarya. Haka littafin yake daga farko har ƙarshe, kuma mai karatu na kallon yadda ake ƙera ƙaryar a gaban idonsa, har shi ma ya fara jin daɗinta. Akwai wurin da wani dattijo mai suna Agliè ya auna wata rumfar sayar da tikitin caca a bakin titi, ya fitar da lambobi masu ban mamaki irin waɗanda ake cewa an ɓoye a dalar Masar, don ya nuna cewa da lissafi ana iya samun duk abin da ake nema.

Wadda ta fi kowa hankali a littafin ita ce Lia, abokiyar zaman Casaubon. Ta ɗauki takardar Provins ta yi nazarinta na 'yan kwanaki, ta dawo ta nuna masa cewa ba komai ba ce illa jerin kayan da wani ɗan kasuwa zai kai wa masu saye, su yadi da furanni da keken ciyawa, abubuwan da aka san garin da su. Amma a lokacin bakin alƙalami ya bushe. Belbo, saboda kishi a kan wata mace, ya riga ya gaya wa Agliè cewa taswirar na hannunsa, masu neman asirin kuma suka gaskata. Suka ƙulla masa sharri da wata jaka mai bam a jirgin ƙasan da ke zuwa Bologna, suka ja shi Paris, suka tsare shi a gidan adana kayan kimiyya da ƙere-ƙere a daren 23 ga Yuni 1984 suna neman ya faɗi sirrin. Babu sirrin da zai faɗa, kuma ƙin faɗarsa ya ƙara tabbatar musu cewa sirrin babba ne. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Idan aka jera littattafan biyu, babban bambancinsu shi ne abin da ke ƙasan ramin. A Libra akwai gawa, akwai bindiga, akwai hukumar da aka tabbatar ta taɓa shirya kashe shugabannin wasu ƙasashe, don haka DeLillo bai raina mai zargi ba, ya ɗauke shi a matsayin mutumin da aka yi wa rauni aka kuma hana shi cikakken bayani. A littafin Eco kuwa idan ka tona har ƙasa jerin kayan ɗan kasuwa za ka tarar, kuma hukuncinsa a kan masu neman asiri mai tsanani ne: mutane ne da suka kasa jure cewa rayuwarsu ta tafi ba tare da wani babban dalili ba, sai suka gwammace a ce wani ɓoyayyen hannu ne ya kayar da su. Eco bai tsaya kan raha ba, ya bi da mai karatu ta hanyar da irin wannan labari ya bi har ya zama jini. Ya nuna yadda zargin da Augustin Barruel ya yi a 1797, cewa ƙungiyoyin asiri ne suka haddasa juyin juya halin Faransa, ya riƙa sauya riga har ya koma kan Yahudawa a cikin takardun bogin da ake kira Protocols, waɗanda aka fara bugawa a Rasha a 1903, jaridar The Times ta Landan kuma ta tona a 1921 cewa an kwafo su ne daga wani littafin zambo na Maurice Joly na 1864 wanda ba ma a kan Yahudawa yake ba. Wanda yake son wannan ɓangare kaɗai, a cikin labarin tarihi tsantsa na ƙarni na 19, Eco ya koma kansa a 2010 da littafin The Prague Cemetery.

Ta fuskar sauƙin karatu, tazarar tana da yawa. Libra bai kai shafi 500 ba, jumlolinsa gajeru ne masu kaifi, kuma tunda kowa ya san inda labarin zai ƙare, abin da ke jan mai karatu shi ne ganin yadda igiyoyin ke matsowa kusa da juna. Littafin Eco ya haura shafi 600 a fassarar Turanci ta William Weaver ta 1989, babi 120 ne a kashi goma da aka raɗa wa sunaye daga Kabala, wato ilimin ɓoye na Yahudawa mai wasa da haruffa da lambobi, kuma cike yake da guntayen Latin da Faransanci da Ibrananci da sunayen mutanen da ba a saba ji ba. Akwai dogon zango a Brazil da wasu babobi na tsakiya da labari ke tsayawa cak ana zuba bayani. Masu karatu da dama sukan ajiye shi kafin su kai shafi na ɗari. Duka biyun akwai su da Faransanci ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi. Ya kamata kuma a sani cewa kowannensu na da wuraren da suka shafi jima'i da kalamai masu nauyi, na Eco kuma ya ƙara da bayanin bukukuwan tsafi da aƙidun ɓoye daki-daki, har ya jawo 'yan Alamut na Hasan Sabbah, wata tsohuwar ƙungiyar Isma'iliyya ta ƙasar Farisa, cikin Shirin. Ba littattafan da za a miƙa wa yaro ba ne.

Ta fuskar taɓa zuciya, na fi ba DeLillo. Muryar Marguerite, mahaifiyar Oswald, tana magana kamar tana gaban alƙali tana kare ɗanta da kanta, tana lissafa gidajen haya da ayyukan da ta yi don ta ciyar da shi, abu ne da ke daɗewa a kunne, haka ma jana'izarsa da aka rasa masu ɗaukar akwatin gawa sai 'yan jarida ne suka ɗauka, wanda kuwa haka ya faru da gaske. Eco ma yana da nasa, musamman tunanin Belbo na ranar da yana yaro ya busa ƙaho a jana'izar mayaƙan sa-kai a ƙarshen yaƙi, amma sai an ratsa daji mai faɗi kafin a isa wurin.

Kowanne kuma yana da haɗarinsa, kuma wannan ne mai zaɓi ya fi bukatar ya auna. Haɗarin Libra shi ne ƙagensa ya yi kama da gaskiya ƙwarai, har mutum ya rufe littafin yana ganin ya san wanda ya kashe Kennedy. A labarin wani ɗan gudun hijirar Kyuba mai suna Raymo ne ya yi harbin da ya kashe shi daga bayan shinge, alhali wannan mutum DeLillo ne ya ƙirƙire shi, kuma shi da kansa ya rubuta a ƙarshen littafin cewa bai yi niyyar ba da amsar gaskiya ga tambayoyin kisan ba. Wannan cakuɗa gaskiya da ƙage ne ya sa marubucin jarida George Will ya caccaki littafin, yana ganin ɓarna ce ga adabi da kuma rashin zama ɗan ƙasa nagari. Haɗarin littafin Eco iri biyu ne. Wani zai karanta shi ya kwashe tarkacen asiran ya bar darasin, kamar yadda aka ga kasuwar labaran Templar ta bunƙasa bayansa. Wani kuma zai fito yana yi wa kowane irin zargi dariya, alhali shekara biyu kacal bayan fitowar littafin, a 1990, Firaminista Giulio Andreotti ya tabbatar wa majalisar Italiya cewa akwai wata rundunar sirri mai suna Gladio da aka ɓoye wa jama'a shekaru da dama.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga ko ɗaya daga cikin ciwukan nan biyu. Mun san abin da kisan shugaba ke bari a zukata tun daga 15 ga Janairu 1966 da 13 ga Fabrairu 1976, mun kuma ji raɗe-raɗin da suka biyo bayan rasuwar Janar Sani Abacha da Cif Abiola a tsakanin wata guda a 1998. Mun ga yadda gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, ya bar tabon da ya taimaka wa jita-jitar da ta tsayar da rigakafin shan-inna a 2003, cuta ta gaske ta haifi zargin da ya cutar da yara. A gefe guda kuma wayoyinmu cike suke da labaran Illuminati, ƙungiyar da Adam Weishaupt ya kafa a Bavariya a 1776, hukuma ta haramta ta kafin ta cika shekara goma, amma ake jingina mata kowace alama mai kusurwa uku. Na farkon ciwon Libra ne, na biyun ciwon littafin Eco.

Shawarata ga mafi yawan masu karatu ita ce su fara da Libra. Dalilin farko shi ne za su iya kai shi ƙarshe, kuma littafin da aka gama ya fi wanda aka ajiye a tsakiya amfani. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina: mutumin da ke da zargi a zuciya ba ya sauraron wanda ya fara da ce masa wawa, amma yakan saurari wanda ya amince cewa akwai lauje cikin naɗi a wasu lokuta, sannan ya nuna masa cewa masu naɗin ma ba su san iyakar abin da suka naɗa ba. Wanda ya zauna da Branch a ɗakinsa ya ga yadda takardu ke binne mai bincike, ya shirya karɓar magana mai ɗaci ta Eco. Amma ɗan jarida, da malamin makaranta, da mai aikin tantance labarai, da duk wanda ke da ɗan'uwa ko aboki da ya nutse cikin bidiyoyin ƙungiyoyin asiri, gara ya fara da Eco ya jure wahalarsa, domin shi ne ke nuna dabarun ƙera irin waɗannan labarai ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ɗauke shi, kada ya tsaya neman bayanin kowane suna da kowace jumlar Latin, ya bi abokan nan uku kawai, ya kuma karanta babin da Lia ta warware takardar Provins sau biyu.

Wanda kuma ya ɗauki Libra, ya ajiye 'yar takarda a cikin littafin ya raba ta gida biyu. A gida ɗaya ya rubuta mutanen da suka rayu da gaske, wato Oswald da Marina da Marguerite da Jack Ruby da David Ferrie da Guy Banister da George de Mohrenschildt da Janar Walker, yana tuna cewa ko su ma marubucin ne ya sa musu mafi yawan maganganun da ke bakinsu. A ɗaya gidan ya rubuta Everett da abokan shirinsa Parmenter da Mackey, da Raymo da Branch, waɗanda babu su a ko'ina sai a cikin littafin.